Yadda za ka biya kuɗin masauki da hidimomi lakadan a ƙasar waje ba tare da an cuce ka ba

Mu dai a Kano kuɗi a hannu muka fi yarda da shi, kuma akwai dalili. Tun wajen 2022 bankuna suka rufe amfani da katin naira a ƙasashen waje, sai a tsakiyar 2025 wasu suka fara buɗewa, shi ma da iyaka, to mutumin da ya ɗauko mara lafiya zai kai shi Alƙahira ko Indiya, ko ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai je Dubai ko Chaina saro kaya, ko mai iyali da zai kai su hutu Istanbul, wa zai yarda ya dogara da kati kaɗai ya je ya tsaya gaban mai gida da tsakar dare na'ura tana ƙin karɓa? Shi ya sa kowa dala yake ƙullewa ya tafi. Ni ma ina bayan hakan, amma akwai abu ɗaya da nake so mai shirin tafiya ya riƙe da kyau: tsabar kuɗi ba ta da shaida. Tiransifa in ka yi akwai alat, akwai suna, akwai lokaci. Takarda kuwa da ta bar hannunka shi ke nan, in mutumin ya ce bai karɓa ba ko ya ce rabi ka ba shi, daga bakinka sai nasa, a garinsu, da yarensu. A nan gida ka san shagon mutum, ka san ubangidansa, in ta ɓaci akwai shugabannin kasuwa da za a kai wa ƙara. Can babu ko ɗaya, kai ne za ka tanadar wa kanka shaida.

Aikin tun daga Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, yake farawa. In ka je canji kar ka tsaya a kan farashi kawai, ka duba takardun ɗaya bayan ɗaya. Ka ce 'yar ɗari mai bulu kake so, wato wadda Amurka ta fitar a 2013 mai shuɗin zare a tsakiya. Tsohuwar, wadda ake ce wa fara, har yanzu kuɗi ce halal a Amurka, amma 'yan canji da masu gidaje a ƙasashe da yawa ko dai su ƙi ta ko su karya mata farashi, kai kuma ba ka da lokacin gardama. Duk wadda ta ɗan yage, ko aka yi mata rubutu da biro, ko aka buga mata ɗan hatimin nan da wasu 'yan canji ke bugawa, ko ta sha danshi ta yi tabo, ka mayar a sauya maka tun kana wurin. Ko an saka a inji an ƙirga a gabanka, ka sake ƙirgawa da hannunka, babu wani ɗan canji na kirki da zai ji haushi. Ka nemi rasit, in kuma ta banki ka bi ka karɓi kuɗin guzuri to ka adana takardun, domin su ne za su nuna inda kuɗin ya fito idan an tambaye ka.

Mafi yawa ka riƙe 'yan ɗari ɗari don su suka fi daraja wajen canji, amma ka haɗa da 'yan ashirin da 'yan goma kaɗan. In Saudiyya ko Dubai za ka, ka sayi riyal ko dirhami na kwana ɗaya ko biyu tun daga nan, na tasi da ruwa da layin waya. Lissafinsu ma ba wuya tunda a ɗaure suke da dala, riyal 3.75 dala ɗaya, dirhami kuma kamar 3.67, duk wanda ya ba ka abin da ya yi nisa da haka ka san da matsala. Masu zuwa maƙwabta su lura sefa iri biyu ce, ta Nijar da Benin da Togo daban, ta Kamaru da Chadi daban, darajarsu ɗaya amma ba a kashe ta nan a can. Wanda kuma yake da tsohon fam na Ingila a ajiye, 'yan 20 da 'yan 50 na takarda sun daina aiki a shaguna tun ƙarshen Satumba 2022, na roba ake karɓa yanzu.

Sai filin jirgi, kuma dan Allah a nan kar a yi wasa. Dokar Najeriya ita ce in kana ɗauke da abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa, fita ko shigowa, sai ka bayyana wa kwastam ka cike fom. Ba haraji ba ne, ba kuma ƙwace maka za a yi ba, ɓoyewar ce laifi, kuma ita ce take kai mutum hannun EFCC da kotu har ya rasa kuɗin gaba ɗaya. A 2025 a nan filin jirgin Malam Aminu Kano kwastam sun kama sama da dala miliyan ɗaya a ɓoye cikin kwalayen dabino, tun daga nan ido ya ƙara buɗewa a kan masu fita da shiga. Can ma inda za ka sauka akwai nasu: Tarayyar Turai yuro 10,000, Ingila fam 10,000, Amurka da Masar dala 10,000, Dubai dirhami 60,000, Indiya kuwa tsabar takardun waje in sun wuce dala 5,000 sai ka cike fom. Irin waɗannan adadin ana sauya su, ka duba na ƙasar a satin da za ka tashi. Sannan maganar saƙo. Mun saba da "ga wannan ambulan ka miƙa wa ɗana a Madina", zumunci ne mai kyau, amma duk abin da ke jikinka a idon hukuma naka ne, za a haɗa shi da kuɗinka a lissafa. In dole sai ka karɓa, a buɗe a ƙirga a gabanka.

Wajen ɗauka ba sai na ja magana ba. Lalita a ƙugu ƙarƙashin riga, ko aljihun ciki mai zif, wani kaso a wurin Hajiya ko abokin tafiya, ko sisi kar ya shiga jakar da za a yi awo a saka a bayan jirgi. Kuɗin kashewa na yini ka ware shi a aljihu daban domin kar ka riƙa zaro damin dala a gaban mai shayi.

To yanzu ga babbar maganar, masauki.

Hanya uku mutanenmu suke bi. Akwai Airbnb, manhajar kama gidan haya na ɗan lokaci, kuma gara ka sani tun yanzu cewa su ba a biyan su da tsabar kuɗi, dokarsu ta hana, da kati ake biya a cikin manhajar, su riƙe kuɗin sai ka shiga gidan sannan su sakar wa mai shi. Idan mai gida ya biyo ka ta gefe ya ce ka soke bukin ka zo ka ba shi a hannu zai yi maka ragi, ka san duk kariyar da kake da ita ka zubar, in ka iso ya ce wani ya riga ya kama gidan babu wanda za ka kai wa kuka. Akwai irin su Booking.com da wasu gidajen da otal-otal suke yarda ka kama ɗaki ka biya in ka iso, wannan ita ta fi dacewa da mai kuɗi a hannu, sai dai ka tura musu saƙo a cikin manhajar ka tambaya ko suna karɓar tsaba, kuma da wane kuɗi, amsarsu ta zauna a rubuce. Ta uku ita ce wadda aka fi bi kuma aka fi kuka da ita: dillali, wanda wani ya ba ka lambarsa a WhatsApp, sau da yawa ma Bahaushe ɗan'uwanka, ɗalibi ko mazaunin can. Da yawansu mutanen kirki ne wallahi, suna taimakon marasa lafiya fiye da yadda ake zato. Amma hoto da bidiyo ba gida ba ne, kuma tura kafin alƙalami daga Kano a kan gidan da ba ka taka ba cinikin biri a sama ne. Shawarata ita ce ka kama otal mai sauƙi na kwana ɗaya ko biyu, ka sauka ka huta, washegari da rana tsaka ka je ka ga gidan da idonka. Kuɗin otal ɗin nan ba asara ba ne, shi ne yake ba ka damar cewa a'a. Mutumin da ya sauka ƙarfe biyu na dare da tsohuwa a keken guragu da akwatuna shida duk abin da aka nuna masa karɓa zai yi, kuma dillalai sun san haka.

In lokaci ne na cunkoso, kamar hutun ƙarshen shekara a Dubai, kuma ba makawa sai ka ba da wani abu a riƙe maka, to kar ya wuce kuɗin kwana ɗaya ko biyu, a yi kiran bidiyo kai tsaye ya fara daga bakin titi ya nuna maka lambar ginin ya hau ya buɗe ƙofar da makulli a gabanka. Masu Umara su nasu daban ne yanzu, tun 2025 bizar a haɗe take da masaukin da aka yi wa rajista ta tsarin Nusuk na gwamnatin Saudiyya, saboda haka ta hannun ejan mai lasisi ake gamawa tun a gida, kar wani ya ce ka taho kawai zai sama maka ɗaki a hannu.

Da ka shiga gidan kar ka tsaya kallon labule da kujeru. Kunna na'urar sanyaya ɗaki ka bar ta tana aiki har ku gama magana, buɗe famfo ka ga ƙarfin ruwa da ruwan zafi, ja ruwan banɗaki, kunna gas ko risho na lantarki, buɗe firji ka sa hannu, ɗaga zanin gado ka duba gefen katifa saboda kuɗin cizo. In da mara lafiya kake ka hau lif ɗin da kanka ka tambayi maigadi ko yana yawan tsayawa. Ka tambaya su wa ke da makullin banda kai. Sannan tambayar da mutane ke jin nauyin yi: wane ne mai gidan? Domin sau tari wanda ke gabanka shi ma haya yake ya sake sa wa wani haya, ko dillalin dillali ne. Ka ce kana son ganin mai shi ko a kira shi a waya, kuma a faɗi la'adar dillali a fili tun kafin a sallama, nawa ce kuma wa zai biya. A Alƙahira, unguwanni irin su Madinat Nasr da Dokki, maigadin ƙofa ya san komai na ginin, ɗan tukwici da gaisuwa mai kyau za su sa ya gaya maka gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba.

Akwai dalilin da ya sa wasu ke nacewa a kan kuɗi a hannu har su yi maka ragi mai yawa, gidan ba shi da rajista. Kar ka ce ina ruwanka. A Dubai gidan saukar baƙi sai da lasisin hukumar yawon buɗe ido, suna ɗaukar bayanan fasfonka, har da ɗan kuɗin da ake karɓa kowane dare a kan kowane ɗaki. A Turkiyya tun farkon 2024 hayar da ba ta wuce kwana 100 ba sai da izini, kuma ana liƙa allo a ƙofar gidan. A Indiya mai masauki dole ya cike wa baƙo abin da suke kira Form C cikin awa 24, a Chaina in ba otal ka sauka ba dole a yi maka rajista a ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Ranar da za ka nemi ƙarin kwanakin biza saboda likita ya ce a ƙara sati uku, ranar za a tambaye ka takardar inda kake zaune. Mai gidan da bai ko nemi ganin fasfonka ba ni ban yarda da shi ba. Amma gani ne da ɗaukar hoto, ba riƙewa ba, fasfo ba ya zama jingina a hannun kowa.

Wajen miƙa kuɗin a zauna, ba a tsaye a bakin mota ba, ba a kan matattakala ba. Makulli a kan tebur, ka gwada shi a ƙofar tukunna. Ka shimfiɗa takardun a jere yadda lambobinsu za su fito ka ɗauke su hoto, wannan zai taimake ka idan bayan awa biyu aka dawo maka da wata aka ce jabu ce a cikin naka. Ka ƙirga da ƙarfi, shi ma ya ƙirga, abokin tafiyarka yana kallo. Sai rasit, ko a takardar littafin yara ne: sunansa yadda yake a katin shaidarsa, adireshin gidan da lambar ɗaki, ranar shiga da ranar fita, adadin da aka biya da lamba da kalmomi, da wane kuɗi, ko wuta da ruwa da intanet suna ciki, sa hannunsa da naka. Ka ɗauki rasit ɗin hoto ka tura masa a WhatsApp nan take ka rubuta "na ba ka kaza yau na kwana kaza", ka jira ya amsa kafin ku rabu, ka kuma tura wa wani a gida. In dillalin ɗan gida ne zai iya cewa "Haba Alhaji, tsakaninmu har sai an yi rubutu?" Sai ka ce "Ba rashin yarda ba ne ɗan'uwa, rai ne, ni ko kai wani zai iya faɗuwa gobe, kuma kuɗin ba nawa ne ni kaɗai ba." Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, babu Musulmin da zai ce ka ci masa fuska don ka nemi a rubuta.

Ku daidaita kuɗin da za a yi lissafi da shi. A ƙasashen da kuɗinsu ke hawa da sauka, kamar Masar da Turkiyya, in an yi ciniki da kuɗin ƙasar to ka je ka canza ka biya da shi, kar ka miƙa dala mai gida ya yanka maka farashin da ya ga dama. Kuma kar ka biya duka. Sati sati ya fi, in ya matsa to wata ɗaya. Masu jinya musamman, ana ce maka aikin wata uku ne ka biya wata uku don ragi, sai a sallame ku a sati biyar, ko Allah Ya yi ikonSa, kuɗin da ya shiga aljihun mai gida da wuya ya fito.

Kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna shi ne inda aka fi cin mutanenmu, don sun san jirgi na jiranka. A rubuta shi daban a rasit, da sharaɗin cewa da irin kuɗin da ka bayar za a dawo maka. Ranar shiga ka zaga gidan da bidiyo mai gida yana tsaye, fashewar tayil, tabon kujera, rimot ɗin da ba ya aiki, lambar mitar wuta, duk ka nuna. Ranar fita kuma kar ka bari sai mota tana ƙasa tana hon, ka sa a zo a duba gidan kwana ɗaya kafin tafiya, a yi lissafi a ba ka abinka, makulli kuma sai kuɗin ya shigo hannunka.

Sauran hidimomi ƙa'idar ɗaya ce, ciniki kafin aiki, biya bayan aiki. Tasi ko dai mita ko a faɗi kuɗi kafin ka saka kaya a but, kuma a fayyace na motar ne gaba ɗaya ko na kowane mutum. In za ka miƙa babbar takarda ka faɗi adadinta da baki kana nuna masa, domin akwai tsohuwar dabarar sauya ta da ƙarama a ce ita ka bayar. Irin wannan ake yi wa alhazai tsofaffi da kuɗin guzurinsu, wani ya ce zai taimaka ya canza musu ya karɓi 'yar ɗari ya dawo da 'yar dala ɗaya tunda girmansu ɗaya, dan Allah duk mai tura iyaye ya zaunar da su ya nuna musu bambancin kafin su tashi. Mai tura keke a Harami da mai aski bayan Umara, a ji kuɗi tukunna. Kuɗin hadaya kuwa akwai tsarin Adahi na Bankin Raya Ƙasashen Musulunci mai ba da rasit, ya fi ka damƙa wa wanda ka haɗu da shi a titi ya ce zai yanka maka.

Asibiti ina so in ja kunne sosai. Tafinta aikinsa fassara, ka biya shi ladansa na yini ko na sati yadda kuka yi, amma kuɗin aiki da na gwaji da na magani kai da kanka za ka je wurin kashiya ka biya a ba ka rasit mai sunan asibitin da sunan mara lafiya. Duk tafintan da ya ce ka kawo ya biya maka don layi ya yi tsawo, ka ce za ka bi layin. A Indiya ma doka ta hana karɓar tsabar rufi lak biyu, wato 200,000, ko sama da haka daga mutum ɗaya a yini, don haka ka tambayi sashen baƙi na asibitin yadda suke karɓar babban kuɗi tun kafin ranar aiki. 'Yan kasuwa masu ba da kaya a kago, wato kamfanonin da ke kawo musu kaya gida, su ma haka, rasit mai yawan kwali da nauyi da lambar waya ta ofishinsu na Kano.

Canji a can ka yi shi a shago mai lasisi ko banki, da fasfonka, ka karɓi takarda. Na filin jirgi farashinsa ba kyau, ka canza kaɗan kawai. A Masar canjin bayan fage laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, ɗan bambancin da za ka samu bai kai wannan ba. Duk lokacin da ka canza ka roƙi a haɗa maka da ƙananan takardu, saboda tukwici da masu cewa ba su da canji.

Kuma ka sani akwai inda kuɗin hannu ba zai yi maka aiki ba ko nawa ne. Motocin bas na Landan sun daina karɓar tsaba tun 2014. Jirgin ƙasa na Dubai da katin Nol ake shiga, na Istanbul kuma da katin Istanbulkart, duk da dai ana iya loda su da tsaba. A Chaina kusan komai da manhajojin waya na Alipay da WeChat ake biya, mai shago zai iya rasa canjin da zai ba ka. Kamfanonin hayar mota da manyan otal suna son kati su riƙe na ajiya. A Girka ciniki da ya wuce yuro 500 ba a biyansa da tsaba, 'yar yuro 500 ɗin kanta an daina fitar da ita tun 2019 kuma shaguna da yawa ba sa karɓa. Saboda haka ko kati ɗaya na dala ka buɗe ka saka masa wani abu, ka gwada shi kafin ka bar gida.

In duk da haka an cuce ka, kar ka tsaya faɗa a ƙofar gida a ƙasar mutane. Ka tattara rasit da hotuna da saƙonnin WhatsApp ka nufi 'yan sanda, a Masar akwai na masu yawon buɗe ido a lamba 126, a Dubai 901 ce ta abin da ba na gaggawa ba, ka kuma sanar da ofishin jakadancin Najeriya. Wajen dawowa ka kashe silalla a can don babu mai canza maka su a nan, kuɗin ƙasar da ya rage in ba riyal ko dirhami ko sefa ba ne ka mayar da shi dala kafin ka hau jirgi, kuma in abin da ya rage a jikinka ya haura dala 10,000 fom ɗin kwastam yana nan yana jiranka a saukowa.